Gadin Jif ɗin Abba da Ƙunshi a Hannu

Ba zan taɓa mantawa da yammacin Alhamis ɗin nan ba, ko na so in manta 'yan ajinmu ba za su bar ni ba. Ni ce yarinyar da ba ta ɗaga hannu a aji ko ta san amsa, wadda in baƙo ya yi sallama a gidanmu take shigewa bayan labule. To, ni ɗin ce na tashi gefe guda na kasuwar Gombe tsaye, ba tare da na ce uffan ba.

Amma bari in fara da motar, don ita ta jawo komai.

Ina aji biyu a ƙaramar sakandare Abba ya sayar da 'yar ƙaramar motarsa ya sayo jif. Ta hannu ce, baƙa, mai layin kujeru uku, doguwa kamar motar asibiti. Hujjarsa ita ce mun yi yawa, kuma hanyar ƙauyenmu ba ta ƙaramar mota ba ce. Ranar da ya kawo ta gidanmu a Shamaki, yaran layi suka bi ta da gudu, Umma ta fito ta yi addu'a ta shafa, sannan aka buɗe gareji. A nan murna ta tsaya. Garejin an gina shi ne daidai jikin tsohuwar motar. Jif ta shiga, hancinta ya taɓa bango, amma bayanta na waje, ƙofa ta ƙi rufuwa. Ga shi ta cika faɗin tam, ƙofar direba ba ta buɗuwa sai kamar faɗin tafin hannu. Abba, babban ma'aikacin gwamnati da tumbinsa da babbar rigarsa, sai da ya haura kujeru layi-layi ya fito ta but. (Na lura kullum hularsa ce ke fara faɗowa, sannan shi ya biyo ta.)

A wani zamanin da sai a bar ta a ƙofar gida a huta. Amma shekarun tashin bama-bamai ne, mai unguwa da kansa ya zo ya ce ba a kwanar da mota a layi. Dole aka fasa bangon baya, aka cinye ɗakin kajin Umma. Ta daɗe ba ta yafe wa motar ba.

Cikin gari kuwa abin ya fi haka. Gaban masallatai da bankuna da ofisoshi duk an jera ganguna da duwatsu, ba a tsayawa. Mai ƙaramar mota yakan lallaɓa ya soka ta a wani lungu, jif ɗin Abba kuwa ba ta sokuwa. Wuri ɗaya ne ke karɓarta kusa da babbar kasuwa, garejin Malam Buba. Tsohon sito ne mai rufin kwano da ginshiƙan ƙarfe da ƙofa ɗaya tak. Malam Buba siririn dattijo ne, yana da madubin babur da ya ɗaure a jikin sandar tsintsiya, da shi yake leƙa ƙarƙashin kowace mota. Dokarsa sananniya ce: a buɗe but ya gani, a bar gilashin gaba a sauke, kuma a bar mutum a ciki, zaune inda kowa zai gan shi.

"Motar da ɗan mutum ke zaune a ciki ba ta tsorata kowa," in ji shi. "Wadda aka rufe aka tafi, ita ce abin gudu."

A gidanmu ni ce mutumin. Hamma Sadiƙu, yayana, in an bar shi sai ya tayar da inji. Ƙannena kuma sai sun danna ham har batir ya mutu. Abba ya ce, "Mamana ce kawai ba ta taɓa komai." (Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake kirana haka.) Ni ma dai ina son aikin. In zauna can sama, ba mai yi min magana, ina kallon yadda masu dako ke naɗa gammo da yadda mai fura ke goge bakin ƙwarya da ɗan yatsa.

Makon bikin yayata Adda Hauwa ne, ɗaurin aure ranar Asabar. Alhamis aka sa ranar ƙunshi, Umma ta ce in zauna a gida, ta aika wa Rabi maƙwabciyarmu ta faɗa a makaranta cewa ba na jin daɗi. Da yake ba na iya kutsawa, ni ce ta ƙarshe da mai ƙunshi ta zo kaina, bayan azahar. Ta lafta min lalle a tafin hannu da ƙafa, ta naɗe kowanne da baƙar leda ta ɗaure tamau, ta ɗora min tsofaffin safar Abba a ƙafa.

"Kada ki kuskura ki kwance kafin magariba," ta ce. "In bai kama ba, ba ruwana."

Ina zaune na miƙe ƙafa na ware hannuwa, sai ga Abba ya shigo da sauri. Zai karɓo kafet ɗin ɗakin amarya a kasuwa, kuma an aiki Hamma Sadiƙu wurin masu rumfa.

"Haba Alhaji," in ji Umma, "yarinyar da ƙunshi?"

"Fita za ta yi? Zama ne kawai. Wanda take yi a nan shi za ta yi a can. Taso, Mamana."

Umma ta zura min ƙaton baƙin hijabinta wanda ya sauka har ƙasa, na taka da dunduniya na shiga mota. A but kuwa akwai kayan amarya da ba a sauke ba: kuloli, da sabon dutsen guga wayarsa na reto, da tukunyar gas da aka cika da safe.

Shigar da jif garejin Malam Buba kullum taro ne. Duk wanda ke wurin sai ya bar abin da yake yi ya zama malamin tuƙi.

"Taho, Alhaji, taho! Karya kan!"

"A'a, kar ka karya! Miƙe hannu!"

"Dawo baya kaɗan. Kaɗan fa na ce! Tsaya! Ginshiƙi!"

Abba ya yi gaba ya yi baya, gumi na bin wuyansa, yana cewa "Na gani, na gani" alhali bai gani ba. A ƙarshe ta tsaya a karkace, ta cinye wurinta ta ɗebi rabin na kusa. Malam Buba ya zagaya da madubinsa, ya leƙa but, Abba ya yi masa bayanin tukunyar gas, ya gyaɗa kai. Ya leƙo ni ya ga leda.

"Hajiya ƙarama, yau ke ce amaryar?"

Na sunkuyar da kai. Abba ya ce ba zai daɗe ba, ya shige kasuwa. Can aka kira la'asar, Malam Buba ya jingine madubinsa ya tafi masallaci, ya bar wa abokin aikinsa Ɗanlami ƙofa. Ɗanlami dogo ne mai usur a wuya, kuma sanda muka shigo yana can waje yana cin ɗanwake, bai gan mu ba.

Ina cikin kallon wata tantabara a kan ƙarfen rufi, sai wata 'yar jar mota ta shigo tana neman wuri. Babu wuri sai rabin nan da Abba ya rage. Ta lallaɓo ta shige gefenmu. Na dubi direban, na ga farin tabarau mai sarƙa.

Malama Asabe ce, malamar ladabtarwa ta makarantarmu. Matar da ke kiran sunan mutum har da na kakansa. Matar da ta taɓa bin wata yarinya har gida don ta ga zazzaɓin da idonta. Ga ni kuma, marar lafiya, na sha ƙunshi har wuyan hannu.

Ban yi tunani ba, jikina ne ya yi. Na zame ƙasan kujera. Sai na tuna gilashin gaba a sauke yake, tana fitowa za ta gan ni. Na ja jiki da gwiwar hannu, na haura layi na biyu, na haura na uku, na faɗa but kusa da tukunyar gas, na ja hijabin Umma na lulluɓe har kai. A raina na ce yanzu za ta wuce, in koma wurina, ba wanda ya sani.

Ban yi lissafi da fakin ɗin Abba ba. Ƙofarta ta ƙi buɗuwa sai kaɗan. Ina jin yadda take matsa jiki tana fitowa tana tsaki, tana ce wa tsohuwarta da ta zo da ita gadin mota, "Inna, ki ga rashin tunani! Mutum ya sayi gida mai taya ya zo ya tare wa jama'a wuri." Sai ta buga jikin jif da tafin hannu.

"Waye a cikin wannan ƙatuwar motar? A kira direba ya gyara!"

Na riƙe numfashi. Na ji takunta ya matsa wajen gilashin gaba. Sai muryarta ta canza, ta yi ƙasa.

"Ikon Allah. Babu kowa a ciki. Kai, mai usur! Zo nan. Motar waye wannan?"

"Wallahi, Hajiya, ban ga shigowarta ba."

"Ba ka ga shigowarta ba? Wannan abar?"

Ta 'yar kafar hijabi na ga Ɗanlami ya manna fuskarsa a gilashin baya, ya kare da hannu biyu, hancinsa ya baje. Gilashin yana da ɗan duhu. Abin da ya gani shi ne tukunyar gas, da waya, da wani baƙin tuli da bai san ko mene ne ba. (Ni ce tulin.) Ya ja da baya a hankali, a hankali, sannan ya hura usur ɗin nan kamar ransa zai fita.

Ban ga gudun ba, jin sa na yi. Takalma, ihu, ƙofofin shaguna ana jan su da ƙarfi, ƙwaryar mai fura ta faɗi, mai ita tana "Wayyo Allah am!" Wani yana salati da ƙarfi, wani yana kiran sunan ɗansa. Malama Asabe tana cewa, "Inna, fito! Bar jakar, fito!" Ba wanda ya tsaya fitar da mota, kowa ƙafarsa ya amince wa. Kafin in gama karanta Ayatul Kursiyyu wurin ya yi tsit, sai kukan tantabarar nan.

Na san me za ku ce. Me ya hana ki fito tun sanda ya hura usur? Ni ma na sha yi wa kaina wannan tambayar. Abin da marar kunya bai sani ba shi ne, da farko kunyar mutum ɗaya nake ji. Da aka hura usur ta koma kunyar gareji guda. Yanzu kuma ta zama ta kasuwa. Duk sanda na ce bari in tashi, sai in ga ai ɗazu ya fi sauƙi, sai in ƙara lafewa. Har addu'a na yi Allah ya sa Abba ya dawo ya tayar da motar mu tafi kawai, kamar zai yiwu.

Sai jiniya. Sai ƙarar manyan takalma daga bakin ƙofa. Wani mai murya kamar ganga ya ɗaga lasifika.

"Mai baƙar jif! In kana kusa ka fito!"

Abba yana can ƙuryar kasuwa wajen masu kafet, bai san me ake ciki ba. Da yake wurin ya yi tsit kuma gilashi a sauke, ina jin maganarsu tar.

"Oga, a fasa gilashin baya a gani?"

"Kar wanda ya matsa. A jira masu na'urar gano bam. Amma duk wanda ya zo ya ce tasa ce, ku riƙe min shi. A bariki zai yi bayani."

Bariki. A shekarun nan ko mu yara mun san wanda aka tafi da shi bariki ba a sa masa ranar dawowa. Na hango Abba da babbar rigarsa a bayan motar sojoji, na hango Asabar, mutane sun cika ƙofar gidanmu ana tambayar ina uban amarya. Duk saboda ba na so Malama Asabe ta ga hannuna.

Na yaye hijabin daga kaina na tashi. But ba ya buɗuwa ta ciki in ba ka da yatsu, ni kuwa yatsuna suna cikin leda sun dunƙule. Na sake haura kujerun da na hauro, motar tana girgiza, na ji wani a waje ya ce, "Tana motsi! Wallahi tana motsi!" Na kai gaba, ƙafata mai safa ta zame a kan kujera, na tafi gaba ɗaya, gwiwar hannuna ta sauka a tsakiyar sitiyari.

Ham ɗin jif ɗin Abba ba irin na sauran motoci ba ne. Irin na tirela ne, ga kuma rufin kwano. Da na ɗago kai na leƙa ta taga, ban ga mutum ko ɗaya a tsaye ba. Sojoji da 'yan sanda duk sun kwanta a ƙasa, bakin bindigogi na kallona. Can nesa bayan igiyar da aka tare hanya, jama'a sun sake ɗibar gudu.

"Ke! Fito! Sannu a hankali!"

Na sa wuyan hannu na ja marfin ƙofa, sau da yawa yana suɓucewa, har ta buɗe. Na sauko. Ku dai hango ni: 'yar yarinya cikin baƙin hijabi har ƙasa, tana tafiya da dunduniya kamar agwagwa. A shekarun nan wannan ba abin dariya ba ne, kuma ba wanda ya yi dariya.

"Tsaya nan! Hannu sama!"

Na fito da hannuwa daga cikin hijabi na ɗaga. Dunƙule biyu na baƙar leda, ɗaure da tsumma. Na ji jama'a sun ja numfashi tare.

"Mene ne a hannunki?"

Na faɗa. Ni kaina ban ji ba.

"Ɗaga murya!"

Na sake faɗa, leɓena kawai ya motsa. Sai ga Abba daga gefe, ya ratso jama'a da naɗaɗɗen kafet a kafaɗa, yana cewa, "Motata ce! 'Yata ce!" Nan take soja biyu suka riƙe shi, kafet ɗin ya faɗi ya warware a ƙasa. Ban san daga inda muryar ta fito ba. Na buɗe baki na kwarara ihun da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni.

"ƘUNSHIN LALLE NE! NA BIKIN ADDA HAUWA! KU SAKE SHI, BABANA NE!"

Rufin kwano ya maimaita min. Wata 'yar sanda mai jiki ta miƙe ta kakkaɓe gwiwa, ta matso tana kallona, ta shinshina iska. Ta kama hannuna ta kwance ledar. Lalle ya zubo, ya jiƙe da gumi, tafina ya yi wani ruwan lemo dabbare-dabbare. Ta ɗaga hannun sama ta nuna wa ogansu, sannan ta juya shi ta duba da kyau.

"Oga, lalle ne. Kuma bai ma kama ba."

Wani daga bayan igiya ya fara dariya, wani ya ɗauka, sai wurin ya ɓarke. Irin dariyar nan ce ta mutanen da suka sha tsoro, wasu na yi suna share hawaye. Malam Buba ya iso da carbi a hannu yana rantsuwa cewa da idonsa ya ga yarinya a gaba, kuma ya san tukunyar. Aka saki Abba bayan ogan ya wanke shi tas a gaban jama'a, yana ta "Yi haƙuri, ranka ya daɗe" ga mutumin da a haife ya haife shi ko ya kusa. Aka sauke kulolin Adda Hauwa ɗaya bayan ɗaya aka buɗe, kasuwa guda ta ga kayan amarya kafin dangin ango. Sai da ogan ya juya sannan Abba ya sunkuyo kaina, ya dafa kafaɗata.

"Mamana, ina kika je?"

"Ina ciki, Abba."

"Ciki ina?"

Sai ga Malama Asabe ta iso. Takalmi ɗaya ne a ƙafarta, tabarau ya karkace, tana riƙe da hannun tsohuwarta. Ta dube ni tun daga safar Abba har hannun da ke ɗiga. Ta kira sunana, da na Abba, da na kakana.

"Ke ce aka ce min ba kya jin daɗi?"

"Eh, Malama."

"To, Allah ya ƙara sauƙi. Mu ma yau duk ba mu ji daɗi ba."

Abba ya biya mai fura ƙwaryarta, ya bi masu shaguna yana ba da haƙuri. Fitar da jif daga garejin kuwa, ranar malaman tuƙi sun ninka, har da soja ɗaya yana "Karya kan, Alhaji!" Sai da muka shigo Shamaki sannan ya yi ajiyar zuciya ya ce min, "Ashe kina da murya haka?"

An ɗaura auren Adda Hauwa ranar Asabar, Abba na zaune a sahun gaba. Ni kuwa duk matar da ta shigo gidan biki, kafin ta ce ina amarya sai ta ce ina mai ƙunshin, a kamo hannuna a juya a yi dariya. Ranar Litinin Malama Asabe ba ta dake ni ba. Cewa ta yi tunda ta ji da kunnenta muryata tana kai wa ƙarshen kasuwa, daga yau ni ce mai jan addu'a a taron safe, gaban makaranta duka.

Darasin da na koya ba mai zurfi ba ne. In an ajiye ki don a gan ki, to ki zauna a gan ki. Da na daure na ce "Ina wuni, Malama", da bulala biyu ce da sharar aji, an wuce wurin. Yanzu ko daga nesa na hango ta, ni nake fara gaishe ta, da ƙarfi, hannuna duka biyu a waje.